Sifikun Baya

Ranar Laraba ce, bayan la'asar, Mahadi ya shigo gida da sabuwar na'urar sauti. Joseph, mai shagon kayan wuta a Sabon Gari, shi ya biyo shi da kansa don ya haɗa ta, saboda sun daɗe tare. A wurinsa Mahadi ke sayen batiran sola da yake kafa wa mutane a Gusau. Baƙar akwati ce mai faɗi, amfilifaya, da sifiku biyar, da wata ƙatuwa ta shida mai kama da turmi. Uku Joseph ya jera wajen talabijin. Biyu ƙanana ya ja musu waya ta gindin bango, ya maƙala su a bayan kujeru, dab da tagar da ke kallon layi.

Hanatu, ƙanwar Mahadi, tun safe ta taso daga gidan mijinta a Bungudu don wannan rana. Ta san abin da ya fito da mahaifiyarsu, Inna Zuwaira, daga ɗakinta zuwa falo, ita da ba ta cika zama cikin kujerun nan ba. A bakin zanen Inna akwai kaset guda a ƙulle. Gangar mahaifinsu ce a ciki, marigayi Yakubu makaɗin noma. Wani malamin gona ya ɗauke ta a wata gayya, shekara talatin da suka wuce. Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu da ke bayan Kucheri a ƙasar Tsafe, an bar rediyon da ke kunna shi, an bar gangar kanta a rataye. Kaset ɗin kaɗai ya fito, don yana cikin jakar da Inna ke ajiye carbi da katin asibiti. Shekara biyu ke nan ba ta ji shi ba. Mahadi ya yi mata alkawari: in ya sayi kayan kallo, zai sayi wanda zai yi fim ya kuma yi gangar Baba.

"Bari mu fara da fim," in ji Joseph, yana goge hannu a wando. "Mu a kasuwa da fim ɗin yaƙi muke gwada kaya. Nan ake gane namijin amfilifaya."

Ya sa fim ɗin, ya murɗa ƙara. Wasu sojoji suna tafiya cikin ciyawa, shiru. Mahadi ya gyara zama yana murmushi.

Harbin bai fito daga talabijin ba. Daga bayansu ya fito, ta wajen taga, ya ratsa ta kan kunnen hagu ya wuce dama, wani ya amsa daga can gefe.

Hanatu ba ta san lokacin da ta tsinci kanta a bayan ƙofa ba. Mahadi ya riga ta fita, ya tsallake randa ya nufi zaure. A waje kuwa layin ya rikice. Rabin gidajen layin mutanen ƙasar Tsafe ne da suka zo da abin da ke jikinsu. Wata mata ta ƙwala, "Sun shigo!" Aka ji ƙofofin shaguna suna faɗuwa, yara suna kuka, babura suna tashi. Malam Bashar, dattijon ƙauyensu da ke sayar da gawayi a bakin layi, ya faɗa kwata ya gurɗe ƙafa.

Joseph ya fizge waya daga bango. Shiru ya sauka.

Inna tana kwance rubda ciki tsakanin kujera da tebur, hannuwanta a kan ƙeya, kallabinta ya faɗi can gefe. Hanatu ta nufo ta, Inna ta ɗaga mata hannu ta dakatar da ita. Ta tashi da kanta, gwiwa ɗaya sannan ɗayar. Ta ɗauki kallabin ta kakkaɓe, ta ɗaura, ta taɓa bakin zanenta ta ji kaset ɗin yana nan.

Mahadi ya dawo da takalmi ƙafa ɗaya. Bai dubi inda Inna take ba. Bayansa Malam Bashar ne, mutum biyu suna riƙe da shi.

"Mahadi, mi munka yi maka?" in ji dattijon. "Mun baro su can, kai ka sayo muna su a kwali?"

"A yi haƙuri, Baba. Kuskure ne." Mahadi ya juya wajen Joseph. "Kwance su. Duka. Ka tafi da su yanzu."

"Wallahi ban yi tunani ba," in ji Joseph. "Kowane gida haka nake gwadawa."

"Yaya, kaset ɗin fa?" in ji Hanatu.

Joseph ya sosa ƙeya. "Gaskiya, wannan ba ta ma da ramin da za a jona rediyon kaset. Sabuwar yayi ce. Sai waya da filas."

"To shi ke nan ma," in ji Mahadi. "Gidan nan ba za a ƙara kafa sifika ba. Mai son jin wani abu ya ji a wayarsa. Kiɗa ai ba farilla ba ne."

Inna ta dube shi sau ɗaya, ta shige ɗakinta.

Washegari, bayan Mahadi ya fita aiki, Hanatu tana shanya sai ta ga Inna tsaye a tsakar gida da babban mayafinta na zuwa suna.

"Tare muna keke-napep."

"Ina za mu, Inna?"

"Wurin ɗan nan mai bindigogi."

"Yaya ya sani?"

"Ni na haihe shi, ba shi ya haihe ni ba. Ɗauko gyalenki."

Shagon Joseph dogo ne, siriri, kwalaye har rufi. A can ciki yana da wani benci da yake zaunar da masu saye, sifiku a gabansa, biyu a bango bayansa. Da ya hango su ya miƙe har yana ture kujera.

"Mama! Don Allah ki yafe mini. Jiya ban iya cin abinci ba."

"Kai ka harbe ni?"

"A'a, Mama, amma..."

"To bar ba ni haƙuri, Yusuhu, ka yi aikinka." Haka take kiran Joseph. Ta kwance bakin zane ta miƙa masa kaset ɗin. Takardarsa ta yi ja, rubutun ya goge. "Wanga za ka gwada da shi. Ka riƙa shi kamar ƙwai. Babu wani a duniya."

Joseph ya shiga baya ya daɗe yana ɗaga kwalaye. Ya fito da wani tsohon rediyon kaset, ya hure ƙura, ya goge bakinsa da auduga. Sai da ya fara sa wani kaset nasa na banza ya ga bai cinye zare ba, sannan ya yarda ya sa na Inna. Hanatu ta lura da haka, ta ga Inna ma ta lura.

"Irin ta jiya mun cire ta," in ji shi. "Ba ta da ramin ja da fari da ake jona rediyon kaset. Saura uku. Wannan ita 'yan kasuwa suka fi so. In ta buga, maƙwabta sai sun san ka yi saye."

"Namu sun riga sun sani."

Ya danna. Aka fara jin huci, sai hayaniyar mutane daga nesa, sai ganga ta shigo. Kwalayen shagon suka ɗauki rawa. Hanatu ta ji abin a ƙirjinta, idonta ya ciko. Ta dubi Inna tana jiran ta ga hawaye.

Inna ta yamutsa fuska.

"Wagga gangar cikin raɓa ta kwana."

"Mama?"

"Ta saki. Ji ta, bum, bum, kamar ana dukan katifa. Shekara arba'in ni ka fidda gangar nan rana kullum da hantsi, in taɓa fata in ce mishi ta yi ko ba ta yi ba. Bai taɓa fita da ita haka ba. Wanga ƙaton turmin naka ne ka kumbura ta. Kashe shi."

Joseph ya kashe ƙatuwar sifikar. Gangar ta rame, ta koma kamar gwangwani.

"Ka gani? Ba ta da murya, turmin ne ka rufa mata asiri. Ɗauke ta."

Ta biyu ta fi, amma Inna ta saurara kaɗan ta girgiza kai. Ta ce akwai siririyar igiya da ke kwance a kan fatar, wadda ke yin ziza duk lokacin da gula, sandar kiɗan, ta sauka, ita ce ke sa ganga magana. "Wagga ta haɗiye ta. Ganga babu zizar nan kurma ce."

Joseph ya tsaya yana kallon tsohuwar. Ya fara dariya a hankali. "Mama, shekara goma sha takwas ina sayar da kayan nan. Alhazawa suna zuwa, tambayarsu ɗaya: ƙarfinta wat nawa ne? Babu wanda ya taɓa tambaya ta igiya."

"Don ba su taɓa shanya ganga ba. Waccan fa, ta ƙasan?"

"Ta hannu ce. Ga ƙarce a fuskarta. Nauyi gare ta kamar buhun gero. Tana yin fim sosai, ga ramukan talabijin, ga na kaset, sai dai mutane ba sa son ta don ba ta walƙiya."

"Ni ma ba ni walƙiya. Jona ta."

Ya mai da zaren baya da biro, ya sa. Huci, hayaniya, ganga. Wannan karon Hanatu ta ji bambancin da kanta. Kowane bugu yana da baki, a bayansa ga zizar nan siririya tana biye. Aka ji ƙarar galma tana shiga ƙasa. Wani ya yi tari kusa da rikoda. Can nesa wata mace tana kiran a kawo ruwa.

Inna ta rufe ido. Yatsanta ɗaya yana taɓa gwiwa.

"Ga shi nan," ta ce a hankali. "Mai kiran ruwan nan ni ce."

Suka bar shi ya yi tafiya. Joseph ya zauna a kan kwali. Sai Inna ta buɗe ido, ta waiga bango.

"Waɗanga ƙananan na baya, mi ya hana su magana?"

"Ai na fim ne, Mama. Kiɗa daga gaba yake fitowa, kamar kina kallon mai kiɗan. Na baya aikinsu harbi, jirgi, ruwan sama. In kin ɗauki wannan ma sai mu bar su a nan, kada a sake irin ta jiya."

"Wato bindiga kaɗai ka da izinin tsayawa bayan mutum?"

Joseph ya waiga ya dubi ƙananan sifikun. Inna ta ci gaba.

"Ka taɓa zuwa gayya, Yusuhu?"

"A garinmu muna yi, ina ƙarami."

"To ina makaɗi ka tsayawa? Manoma suna duƙe, kowa da kuyyarsa, fuska na gabas. Makaɗi na biye da su a baya. Babu manomin da ka kallon ganga. A gadon bayanshi yake jin ta, tana tura shi. Wurin babansu ke nan. Tun kahin waɗancan su koyi riƙon bindiga, shi aka ji ta baya." Ta nuna sifikun da haɓa. "Mai da shi wurinshi."

Joseph ya ɗauki rimot ya shiga lalube. Ya danna nan, ya koma can, ya ɗauko wani littafi da ya yage yana buɗawa. Can sai ya ce, "Yauwa. Tana da shi. Ana iya tura kiɗa duka sifikun." Ya rage na gaba, ya ƙara na baya.

Gangar ta tashi daga gabansu ta koma bayansu. Hanatu ta ji tsigar jikinta ta tashi. Kamar mutum ne tsaye dab da kafaɗarta.

Inna ta miƙe baya sosai a kan bencin. Ta saurara har waƙar ta kai ƙarshe.

"Yanzu sa na jiya."

"Wane, Mama?"

"Fim ɗin. Wurin harbin."

"Haba, Inna," in ji Hanatu. "Don Allah."

"Mama, ba zan iya ba."

"Jiya na kwanta ƙasa gaban ɗiyana saboda akwati. Da tsuhwana, kai babu kallabi. Can na gudu, don can da mutane aka yi, ba ni jin kunyar wancan. Amma ba ni shiga da abu gida ina tsoronshi. Rufe ƙofar shagonka kada mu tada kasuwa, ka sa."

Joseph ya ja ƙofar gilas. Ya sa fim ɗin, ƙara ƙasa-ƙasa. Sojoji cikin ciyawa. Harbin ya fito ta baya.

Kafaɗun Inna suka zabura. Ta damƙe gwiwoyinta har jijiyoyin hannunta suka fito. Hanatu ta ji ƙafafunta suna neman ƙofa, sai dai Inna ta kamo bakin gyalenta ta riƙe.

"Ƙara," in ji Inna.

Ya ƙara. Harsasai suka yi ta wucewa ta kan kunnuwansu. Gumi ya tsattsafo a goshin tsohuwar. Leɓɓanta suna motsi. Ba ta sunkuya ba. Da aka gama harbin ta saki numfashi mai tsawo.

"To. Na ji su. Ba su fi haka ba." Ta saki gyalen Hanatu. "Ita za mu ɗauka. Da ƙananan, da tsohon rediyon. Turmin ma kawo shi, yara su yi fim ɗinsu da shi, amma in za a sa babansu a kashe shi."

Kafin azahar Hanatu ta bi layin gida-gida, kamar yadda Inna ta umarce ta. Saƙon gajere ne: bayan la'asar za a ji ganga daga gidan Mahadi, gangar noma ce, kada kowa ya gudu, mai so ya shigo. Wasu suka yi dariya. Wata ta ce, "Ku dai ba ku daddara ba."

Mahadi ya dawo ya tarar da Joseph a kan kujera yana ɗaure sifika a ƙusar jiya. Ya tsaya a bakin ƙofa da jakar kayan aikinsa.

"Joseph, me na ce maka jiya?"

"Ni ɗan aike ne yau. Ga mai kayan nan."

Inna tana zaune a tsakiyar doguwar kujera. Mata huɗu sun riga sun zauna a kan tabarma. Malam Bashar yana bakin taga daga waje, ƙafarsa a naɗe da tsumma, ya ce shi ba shiga zai yi ba, ya zo ne ya ga ƙarshen rashin hankali.

"Inna, na ce a fitar da su," in ji Mahadi, yana rage murya. "Ki dubi ƙafar Baba Bashar. Ki dubi abin da ya same ki. Ni ba zan iya sake ganin..."

"Sake ganin mi? Ai ba ka gani ba. Kana zaure."

Matan suka sunkuyar da kai. Mahadi ya yi kamar an watsa masa ruwa.

"Ban faɗa don in ci mutuncinka ba," in ji Inna. "Kai ka yi ƙofa, ni na yi ƙasa, wancan ya yi kwata. Dukanmu abu guda ya kore mu. Sun amshe gona, sun amshe gida da gangar da ka rataye. Yanzu kuma kana so in bar musu bayana, in ƙare kwanana duk abin da ya motsa nan sai in kwanta? Ban ba su ba. Aje jakar nan ka zauna."

"Inna..."

"Nan. Ba sifikun baya."

Ya ajiye jakar. Ya zauna a bakin kujera, rabin jikinsa yana fuskantar ƙofa. Joseph ya sauko, ya dubi Inna, ta ɗaga masa kai.

Huci. Hayaniya. Gangar ta sauko musu ta baya, ta fita ta taga zuwa layi.

Mahadi ya zabura zai juya.

"Kada ka waiwaya," in ji Inna. "Manomi ba ya waiwayen makaɗi."

Ya tsaya a yadda yake. Zizar igiyar tana bin kowane bugu. Galma tana shiga ƙasa. Sai murya ta taso a kan gangar, a shaƙe, muryar mutumin da ya wuni cikin rana, tana kiran manoma ɗaya-ɗaya. Ta kira mutum uku. Malam Bashar ya cusa kai ta taga.

"Kai! Wanga da anka kira yanzu ai yayana ne! Na Hasana! Allah ya jiƙan maza. Shi ne wallahi!"

Muryar ta ci gaba. "Ina ɗan Zuwaira, sabon hannu? Galma ta fi ka tsawo, ba ta fi ka zuciya ba. Duƙa, ɗana, ina bayanka!"

Hanatu ta dubi yayanta. Shekararsa goma sha uku a wannan gayyar. Ita ba ta tuna ta ba. Ya sunkuyar da kai, gwiwar hannu a kan cinya, yadda manomi ke duƙawa a kan kunyar gona. Kafaɗarsa ta dama tana sauka tare da gula. Ruwa yana ɗiga daga haɓarsa zuwa tayil, bai share ba.

Tsakar gida ta cika. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ta kama bakinta, sannan ta sake rangaɗawa da ƙarfi. Yara suka hau katanga.

Da zaren ya ƙare, rediyon ya yi ƙwas.

"To fim ɗin fa?" in ji Malam Bashar daga taga. "Don in san ranar da zan ɗaure ɗayar ƙafar."

"Ranar Juma'a bayan masallaci," in ji Inna. "Za a yi shela. Ka zo ka zauna kusa da ni, in riƙe maka riga."

Aka kwashe da dariya. Mahadi ya ja hanci, ya goge fuska da hannun riga. Har yanzu bai juya ba.

"Joseph," ya ce, "juya kaset ɗin. Ka ƙara na bayan kaɗan."